Yadda Ake Daidaita Ƙarfin Wutar Janaretan Iska Haɗin Gida

Duk wanda ya haɗa janaretan iska da hannunsa, ya ɗora shi a kan sanda, ya ga fukafukan sun kama juyawa, abin da yake fara yi shi ne ɗauko mita domin ya auna wutar da ke saukowa. A nan ne murnarsa takan ragu, domin lambobin mitar ba sa tsayawa wuri guda: yanzu bolt 6, an jima bolt 19, idan iska ta kaɗo da ƙarfi kuma sai su haura 40. Wannan ba alama ba ce ta cewa an yi kuskure wajen haɗin. Haka janareta mai maganaɗisu yake, boltejinsa yana bin saurin juyinsa ne, idan juyin ya ninku shi ma ya ninku. Ita kuwa iska, idan gudunta ya ninku sau biyu, ƙarfin da take ɗauke da shi sau takwas yake ninkuwa, shi ya sa injin da ya wuni yana lilo a hankali yake iya ƙona komai cikin minti biyar idan hadari ya taso.

Ƙa'idar da dukkan aikin ya rataya a kanta ita ce, ba a daidaita wutar janaretan iska ta hanyar katse ta. Ana daidaita ta ne ta hanyar tanadar mata wurin zuwa a kowane lokaci. Lodin da ke jan wuta shi ne linzamin fukafukan; da zarar an cire shi ana tsakiyar iska, injin zai zabura da gudun da ba a yi shi dominsa ba, bolteji ya yi sama, kuma fiffike yana iya tsinkewa ya faɗa gidan maƙwabta. Saboda haka batir ne zai riƙe boltejin, idan ya cika kuma a karkatar da rarar wutar zuwa wani abu da zai mai da ita zafi, kamar yadda ake yi wa tankin ruwa bututun ambaliya. Misalin da za a bi a nan shi ne janareta mai wayoyi uku, wanda wutarsa ba ta wuce amfiya 25 a iska mafi ƙarfi, yana cajin batir mai ruwa na bolt 12.

Mataki na farko: a san janaretan tun yana ƙasa

Kafin a sayi komai, a ɗaure janaretan a kan benci, a juya shi da injin huda wanda aka san yawan juyinsa a minti ɗaya, sannan a sa mita a ma'aunin AC a auna tsakanin wayoyin bibbiyu. Ma'auni ukun ya kamata su zo kusan ɗaya. Idan ɗaya ya gaza sauran sosai, akwai koyil da aka juya kansa ko haɗin da bai kama ba, kuma gara a gyara shi yanzu da a sauko da sanda daga baya. Domin sanin wutar DC da za a samu, a ninka abin da aka auna da 1.4, sannan a cire kamar bolt 1.4 da dayod, wato ƙananan na'urorin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, za su cinye. Idan an sami bolt 10 a juyi 250 a minti, za a sami kusan bolt 12.6 ke nan, wato daga wannan gudun ne caji zai soma shiga batir.

Wannan lissafin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan janareta ya kai boltejin batir tun yana juyi kaɗan, batir zai danne shi, fukafukan su kasa ɗaukar gudu, a ga iska tana kaɗawa amma injin yana jan jiki. Idan kuma sai ya yi gudu mai tsanani kafin ya kai, to mafi yawan kwanaki zai yi ta juyawa a banza. Ana iya gyara wannan ta sauya yadda aka haɗa koyil ɗin, domin haɗin sita, inda ake tara kai ɗaya na koyil ukun wuri guda, yana ba da bolteji da ya ninka na haɗin delta, inda ake haɗa su kai da kai a zagaye, sau 1.73 a gudu ɗaya. Injin da ke juya tayar keken lantarki da na abin hawan yara mai taya biyu suna yin aikin janareta da kyau saboda suna ba da wuta a ƙaramin juyi. Altanetar mota kuwa, duk da arharta a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ba ta dace ba, domin sai ta haura juyi dubu a minti kafin ta yi caji, kuma tana shan wutar batir kafin ta ba da tata.

Mataki na biyu: rektifaya da birki

Wutar da ke fitowa daga wayoyi ukun AC ce, batir kuwa DC yake karɓa, don haka sai an bi da ita ta rektifaya mai dayod shida. Idan ba a sami mai ƙafa biyar da aka yi domin wayoyi uku ba, a sayi guda uku na irin mai ƙafa huɗu, kamar KBPC5010, a haɗa kowace wayar janareta da ƙafafun AC biyu na rektifaya ɗaya, sannan a tara ƙafafun fozitif ukun wuri guda, na negatif ma haka. A ɗaure su a kan farantin alminiyon mai kauri, domin a amfiya 25 suna fitar da zafin da ya kai wat 35 zuwa 50, wanda ya isa ya kashe su idan an bar su a rataye a iska. Wanda janaretansa motar DC ce mai wayoyi biyu ba ya bukatar rektifaya, amma dole ya sa dayod babba guda ɗaya a kan wayar fozitif, in ba haka ba da zarar iska ta kwanta batir zai mai da injin fanka.

Ya fi kyau rektifaya ta zauna a ƙasa kusa da batir, a sauko da wayoyi ukun daga kan sanda. Dalili shi ne birki. Idan aka haɗe wayoyi ukun da juna kafin su shiga rektifaya, janaretan zai yi nauyi ƙwarai har fukafukan su koma juyi a hankali ko su tsaya, kuma wannan shi ne birkin da ya fi sauƙi. A sa makunni mai ƙarfi wanda zai haɗe su a lokaci ɗaya, a wurin da hannu zai kai ko cikin duhu. A kula sosai: a gefen AC ake yin wannan haɗewar, ba a gefen batir ba, domin haɗe wayoyin batir gobara ce. Kuma a taka birkin tun hadari yana haɗuwa, kafin iskar ta iso, saboda idan injin ya riga ya ɗauki gudu birkin yana iya kasa tsayar da shi, sai koyil ɗin su yi ta ɗaukar zafi har su ƙone.

A nan ne kuma ake asarar wuta ba a sani ba. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 6, idan tazarar mita 20 ce zuwa da dawowa ta zama 40, tana cinye kusan bolt 3 a amfiya 25, wato sama da wat 70 sun tafi a hanya. Waya mai kauri tana da tsada, amma siririya ta fi ta tsada a ƙarshe.

Mataki na uku: batir shi ne ainihin mai riƙe bolteji

Da zarar an haɗa rektifaya da batir, za a ga abin da ya ba mutane da yawa mamaki: janaretan da ke nuna bolt 40 a sake ya dawo yana nuna 12 da ɗoriya. Batir ba ya barin bolteji ya wuce nasa da yawa. Idan iska ta ƙaru, amfiyar da ke shiga ce take ƙaruwa. Batir mai ruwa na bolt 12 yana nuna kusan 12.6 idan ya cika ya huta, ana cajinsa har 14.4, kuma bai kamata a riƙa shanye shi ƙasa da 12.0 ba. Idan aka bar shi ya wuce 15 na tsawon lokaci, ruwansa zai tafasa ya ƙafe, farantansa su lalace.

Girman batir ma yana cikin lissafi. Ƙaramin batirin babur ba zai iya shanye amfiya 25 ba, nan da nan boltejinsa zai tashi. Ga injin misalinmu, batirin sola mai amfiya-awa 150 zuwa 200 shi ne daidai. A sa fiyus a kan wayar fozitif dab da kan batir, amma ya zama ya fi ƙarfin wutar janaretan sosai, kamar amfiya 50, domin fiyus ɗin da ya tsinke ana tsakiyar iska ya saki linzamin ke nan. A ajiye batir inda iska ke shiga, saboda yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan ke tayar da ita.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu musamman. Lambar 14.4 an tsara ta ne a kan zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da aka ƙaru ya kamata a rage kamar bolt 0.02 zuwa 0.03. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ɗakin batir a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ke kai digiri 40, boltejin da ya dace ya sauko kusan 14.0. Wanda ya bar shi a 14.4 duk shekara zai ga yana ƙara wa batir ruwa fiye da kima a bazara.

Mataki na huɗu: mazubar rarar wuta

Mazubar ita ce abin da zai shanye wutar idan batir ya cika, kuma dole ta iya shanye fiye da duk abin da janaretan zai iya bayarwa. Tunda injinmu yana kai amfiya 25, a nufi amfiya 30. A raba 14.4 da 30, za a sami om 0.48, ƙarfinta kuma ya kai wat 430 da 'yan kai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko hitar ruwa ta bolt 220 a ce ai wat 2000 ce, ta isa har ta yi yawa. Wannan hitar tana da om 24 ne, don haka a bolt 14.4 abin da za ta ja bai wuce amfiya 0.6 ba, wato ƙasa da wat 9. Ba ta tsinana komai ba. Wasu kuma suna jera ƙwayayen fitilar mota, wanda yana aiki na ɗan lokaci, sai dai ƙwai yana mutuwa ba sallama, kuma ranar da uku suka mutu a cikin takwas ba wanda zai sani sai batir ya kumbura.

Abin da ya fi inganci shi ne hitar ruwa da aka yi domin bolt 12, a sa ta cikin duro, a sami ruwan ɗumi a hunturu, da sharaɗin ba za a taɓa barin duron ya bushe ba. Idan ba a same ta ba, ana iya yin mazubar da wayar murhun lantarki mai naɗi. Wayar murhu mai wat 1000 na bolt 220 tana da kusan om 48. A auna ta da mita, a yanka ta gida goma daidai, kowane yanki ya zama om 4.8, sannan a jera su kafaɗa da kafaɗa tsakanin sandunan ƙarfe biyu, kowane yanki kansa ɗaya a wannan sandar, ɗayan a waccan. Kowanne zai ja amfiya 3, goman su ja 30. Dalma ba ta kama irin wannan wayar, sai dai a matse ta da noti da washa. A kafa sandunan a kan bulo ko tayil, a rufe da ragar ƙarfe saboda yara da kaji, a nisanta ta da zana, katako da batir ɗin kansa, domin tana yin zafin da zai kunna wuta.

Mataki na biyar: kwantirolar da ke buɗe mazubar

Yanzu ana bukatar abin da zai riƙa duba boltejin batir, ya haɗa mazubar idan ya kai 14.4, ya cire ta idan ya sauko. A nan sai an yi hattara da masu sayar da kaya, domin da yawa za su miƙo kwantirolar sola su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kwantirolar sola tana katse farantin ne idan batir ya cika, kuma farantin sola ba ruwansa da a katse shi, amma janaretan iska yana da ruwa. Wanda zai saya ya nemi wadda aka rubuta cewa ta iska ce, mai wurin haɗa mazuba. Ga ƙaramin injin da bai kai wat 100 ba, regiletar babur mai wayoyi uku tana iya yin aikin, domin ita ma haɗe wayoyin take yi idan bolteji ya kai, amma ba za ta jure wa babban inji ba.

Wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya haɗa tasa da kayan da ake samu a layin masu kayan rediyo na Sabon Gari. Ana bukatar LM358 guda ɗaya mai kwatanta bolteji, 7805 guda ɗaya mai fitar da tsayayyen bolt 5, IRF3205 guda biyu masu aikin makunni, rizista na 15k da 10k da 270k (k na nufin om dubu), na om 100 guda biyu, rizista mai juyawa na 5k, da kafasita mai maikurofarad 100.

A ba LM358 wuta daga batir, ƙafa ta 8 zuwa fozitif, ƙafa ta 4 zuwa negatif. A haɗa 7805 da batir shi ma, a kai bolt 5 da yake fitarwa zuwa ƙafa ta 2. Wannan shi ne ma'aunin da ba ya motsi. Daga fozitif na batir a bi ta rizista 15k, a wuce ta mai juyawa 5k, a isa ƙafa ta 3, sannan daga ƙafa ta 3 a sa 10k zuwa negatif, a sa kafasitar a gefensa. Wannan jerin yana rage boltejin batir ta yadda idan ya kai 14.4 ƙafa ta 3 za ta haura bolt 5, sai ƙafa ta 1 ta kawo wuta. Daga ƙafa ta 1 a bi ta om 100 zuwa ƙafar hagu ta kowane IRF3205, idan rubutunsa yana fuskantar mai aiki kuma ƙafafun suna ƙasa. Ƙafar dama ta tafi negatif na batir, ta tsakiya ta tafi sanda ɗaya ta mazubar, ɗaya sandar kuma ta tafi fozitif. A ɗaure su biyun a kan farantin alminiyon, a kuma tuna cewa bayansu a haɗe yake da ƙafar tsakiya, don haka kada farantin ya taɓa wata waya ko jikin akwatin ƙarfe.

Rizista 270k, wanda ake sawa daga ƙafa ta 1 ya koma ƙafa ta 3, shi ne ɗan ƙaramin abin da mutane ke mantawa, alhali shi ne ke hana kwantirolar rawar ɗari. Idan babu shi, da zarar mazubar ta kama bolteji zai ɗan sauka, ta saki, ya hau, ta sake kamawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Da shi kuwa, mazubar za ta kama a 14.4 amma ba za ta saki ba sai bolteji ya sauko kusan 13.6. Wasu suna amfani da rilen mota mai amfiya 40 a madadin IRF3205, amma ban ba da shawarar haka ba ga injin da ake tafiya a bari: wutar DC tana yin tartsatsi a bakin rile, wata rana bakin ya manne, mazubar ta shanye batir tas kafin gari ya waye.

Kada a gwada kwantirola a kan janareta. A kai ta wurin mai gyaran wayar hannu, domin na'urar ba da wuta da ke kan teburinsu tana kai bolt 15 kuma ana iya murɗa ta a hankali. A sa ƙaramin ƙwan fitila na bolt 12 a madadin mazubar, a tsayar da wutar a 14.4, a juya rizistan 5k har ƙwan ya kama, sannan a riƙa rage wutar a ga inda zai mutu. A maimaita sau uku ko huɗu, idan ya tabbata a ɗiga jan farce a kan mai juyawar don kada ya goce. Lokacin kafa ta, siraran wayoyin da ke auna bolteji su tafi kan batir kai tsaye, ba su bi ta wayar mazubar ba, domin faɗuwar bolteji a waccan wayar za ta ruɗe ma'aunin.

Mai batirin litiyom irin LiFePO4 yana da ƙarin abin lura. Allon kariyar da ke cikinsa yana katse caji da kansa idan ya cika, kusan a 14.6, kuma hakan daidai yake da cire batir ana tsakiyar iska. Don haka a saita mazubar ta kama tun a 14.0 ko 14.2, kafin allon ya yi nasa hukuncin.

Mataki na shida: tsarin haɗawa da wutar da za a yi amfani da ita

A taka birki kafin a ɗaga sanda. A haɗa kwantirola da mazubar a kan batir, a haɗa rektifaya, a tabbatar da mita cewa fozitif bai koma negatif ba, sannan a saki birki. Duk ranar da za a cire batir kuma, birki ne farko. Kayan gida duka daga batir za su sha, ba daga janareta ba: fitilu da fanka na bolt 12 kai tsaye ta fiyus nasu, cajin waya ta ƙaramin allon rage wuta irin LM2596 wanda ke ɗaukar har amfiya 3, kayan bolt 220 kuma ta inbata. Ɗora 7812 ko LM2596 a bakin janareta domin a sami bolt 12 ba tare da batir ba hanya ce da ba ta ɓullewa, domin iska ɗaya mai ƙarfi za ta haura bolt 35 zuwa 40 da suke iya jurewa.

Duk wannan tsarin yana aiki ne matuƙar wutar ba ta fi ƙarfin mazubar ba, kuma iskar da ke gaban ruwan farkon damina tana iya fin ƙarfinta. Maganin wannan a kan sanda yake. Ana ɗan gusar da janaretan gefe daga tsakiyar sandar, a rataya jelarsa a kan maƙali mai karkata, ta yadda idan iska ta yi yawa za ta tura fukafukan su kauce gefe, jelar ta naɗe, idan ta lafa nauyin jelar ya dawo da su. Wannan ita ce dabarar da Hugh Piggott na ƙasar Sikotlan ya yaɗa a tsarin injinansa na haɗin hannu. Jela mai nauyi tana jinkirta kaucewar, marar nauyi tana gaggauta ta, don haka a sa mitar amfiya a kan wayar caji a ranar da ake iska sosai a duba: idan allurar tana wuce 25 kafin injin ya kauce, a sauko da sanda a rage wa jelar nauyi, a sake gwadawa.